Inda Bawul Ya Tsaya

"Ina keken Babana?"

Umma ko mayafi ba ta cire ba. Jakar tafiyarta na yashe a bakin ƙofa, ita kuwa tana tsaye a tsakiyar ɗakin marigayin ɗanta, ta kafe bango da ido. Ƙusoshi biyu kawai suka rage a wurin, sai wata fara-farar inuwa da keken ya bari a jikin fenti.

Auta, 'yarta, ta biyo ta cikin ɗakin. Babana shi ne sunan da Umma ke kiran babban ɗanta, saboda sunan mahaifinta ya ci. Ita Auta, Yaya take ce masa. Tun da ya rasu ba wanda ya isa ya taɓa keken nan, ko ƙura Umma ce ke goge masa da gefen zaninta.

"Ni na ɗauke shi," in ji Abba daga bayansu, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai shiga ɗakin mara lafiya. "Da kika tafi gidan yayarki na kai wa Dogo ya gyara."

Umma ta juyo gare shi.

Dogo mai gyaran kekuna ne, kuma aminin Yaya tun suna yara. Shi ya koya masa hawan keken tsere. Su biyu suka fita wata safiya, Dogo kaɗai ya dawo da ƙafafunsa, yana tura kekuna biyu. Motar da ta bugi Yaya ko tsayawa ba ta yi ba, keken kuma ko ƙwarzane bai yi ba. Tun daga ranar Umma ba ta ƙara amsa gaisuwar Dogo ba. Shi ne kuma mutumin da zuciyar Auta ta zaɓa, ta kafe a kansa, ta ƙi kowa.

"Wanda ya ja mini shi hanya ya baro shi can," in ji Umma a hankali, "shi ka kai wa abin da ya rage."

"Ki ji tsoron Allah. Mota ce ta buge shi, ba Dogo ba. Keken nan tsatsa na cinsa a bango, ke kuma yana cinki. Kullum la'asar kin kulle kanki a nan. Na ce a sake masa kaya, a hau shi, ya sha iska, ko ma huta."

A bakin ƙofa wani ya yi gyaran murya. Dokta ne, ɗan yayar Umma, wanda ya dawo da ita a motarsa. Kemis yake da shi, amma kowa Dokta yake ce masa, shi ma bai taɓa hanawa ba. Mutum ne mai natsuwa, mai tsabta, ba shi da wani laifi sai guda ɗaya: Auta ba ta son sa, Umma kuwa ta riga ta ba shi ita a ranta.

"Umma, ki zauna," ya ce. "Jininki zai hau."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Abba take kallo.

"Ka san abin da nake yi a nan idan na kulle?"

Ba ta jira amsa ba.

"Tayar baya nake juyawa. Sai ta fara ƙas-ƙas-ƙas, irin ƙarar da takan yi idan ya daina taka feda ya gangaro ƙofar gida. In na ji haka na san ya iso. Sai in tambaye shi." Ta ɗaga yatsa ta zana da'ira a iska. "Ɗan bakin nan da ake hura wa iska, bawul. Idan ya tsaya a sama, ya ce i. Idan ya tsaya a ƙasa, ya ce a'a."

"A'uzubillahi," in ji Abba. "Wanda ya tafi ya tafi, ba ya magana. Addu'a yake buƙata."

"Na tambaye shi ko ya ji zafi da motar ta buge shi. Ya ce a'a." Hawaye ya gangaro mata, amma fuskarta ba ta motsa ba. "Na tambaye shi ko yana fushi da ni da ban hana shi fita ba. Ya ce a'a. Na tambaye shi ko in ba Dogo ƙanwarsa." Sai a nan ta juyo ga Auta. "Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum a'a."

Auta ta sha jin wannan ƙarar ta cikin bango idan ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ta ɗauka agogo ne.

"Umma," ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta, kuka ya ƙwace mata. "Umma, don girman Allah. Yaya da bakinsa ya ce ba wanda zai ba ni sai Dogo. Kina wurin, dariya ma kika yi."

"Wancan kafin ya ga abin da ya gani ne."

"To me zan yi ki yarda? Ki faɗa mini, me zan yi?"

Umma ta share fuska da bakin mayafi.

"A dawo mini da shi. In tambaye shi a gabanku duka. In ya ce a'a, ki cire yaron nan daga ranki, yayata ta turo magabatan Dokta. In ya ce i, ni da hannuna zan kai ki."

"Na yarda."

"Auta!" Abba ya daka mata tsawa.

Amma maganar ta riga ta fita.

Washegari da ta tashi daga aiki, ba ta bi ta gida ba.

Shagon Dogo dogon ɗaki ne mai taga ɗaya. Tayoyi na rataye a sama jere-jere, warin man giris da roba ya cika ko'ina. Hadari ya haɗu a waje, cikin shagon ya yi duhu-duhu kamar magariba ta yi sauri. A tsakiya, an ɗaure keken Yaya a jikin ƙarfen aiki, koren fentinsa na ɗaukar ido.

Auta ta tsaya turus. Shi ne, kuma ba shi ba ne. Siririn firam ɗin ƙarfen, wato gangar jikin keken, yana nan yadda yake, har da ɗan tabon da ta yi masa da makulli tana ƙarama. Amma birki sabo ne, sarƙa sabuwa, tayoyi baƙaƙe sirara. 'Yan sandunan canja giya da ke jikin firam a da sun tafi, yanzu a hannun birki ake canjawa.

"Malama da kanta," in ji Dogo yana murmushi, yana goge hannu da tsumma. "Yau wa ya yi rashin ji aka kawo ƙararsa?" Da ya ga idanunta sai murmushin ya ɓace. "Wa ya taɓa ki?"

Ta ba shi labari tana kuka, tun daga ƙusoshin bango har alƙawarin da ta ɗauka. Bai katse ta ba. Da ta gama ya zauna a kan wani akwatin kayan aiki.

"Ki ce ba ki yarda ba," ya ce. "Ki koma ki ce kin janye."

"Me ya sa?"

Ya miƙe, ya sa yatsa ɗaya ya juya sabuwar tayar baya. Ta yi ta gudu ba ƙara, sai wani siririn huci. Suka tsaya suna kallo har ta gaji, ta yi lilo gaba, ta yi baya, ta tsaya. Bawul yana ƙasa.

Ya sake juyawa. Ƙasa.

"Nauyi ne, Auta. Bawul ƙarfe ne, ya fi sauran gefen nauyi. Duk tayar da ke rataye haka za ta yi, tsohuwa ko sabuwa. Tun jiya nake juya wannan ina duba ko ta miƙe, ba ta taɓa tsayawa a sama ba. Ko sunanta Umma ta tambaya, a'a za a ce mata."

Auta ta dafe ƙirji. Daɗi da tsoro suka haɗe mata wuri ɗaya.

"To ai shi ke nan! Ka zo ka gaya mata. Ka nuna mata kamar yadda ka nuna mini."

"In gaya mata me? Cewa amsar da ya ba ta, cewa bai ji zafi ba, nauyin bawul ne? Ina wurin, Auta. Kansa a kan cinyata yake. Ni na san ko ya ji ko bai ji ba. Wannan a'ar ce take riƙe da mahaifiyarki, ba magungunan Dokta ba. In na ƙwace mata ita, me zan ba ta?"

Ruwa ya fara ɗiga a kan kwanon rufi.

"To ka mayar da tsohuwar tayar," ta ce. "Ko ƙarar da ta saba ji ta tausasa mata zuciya."

"Ba za ta zauna ba. Tsohuwar tayar mai giya shida ce, wannan mai sha ɗaya, ta fi ta faɗi. Sai da na buɗa ƙafafun firam ɗin na baya kafin ta shiga. Na sa katako na danna a hankali, ina aunawa da zare, ɓangare ɗaya sannan ɗayan. Tsohon ƙarfe yana da haƙuri, yakan yarda a buɗa shi. Amma ba ya son a yi ta kai shi ana dawo da shi. Ita ma tsohuwar tayar na kwance ta, tsatsa ta cinye ta ta ciki."

Ya kalli keken ta gefen ido.

"Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Aikin nan na mutum biyu ne, ɗaya ya danna, ɗaya ya riƙe kan keken kada ya juya. Da ni da yayanki muke yi. Shekaranjiya ni kaɗai ne a shagon nan, na kulle ƙofa. Na danna katakon, ina jiran keken ya kufce. Bai motsa ba. Kamar an riƙe mini."

"Dogo, ka daina."

"Na daina."

A kan teburin aiki akwai wani gwangwani cike da tarkace. Idon Auta ya faɗa kan wasu 'yan ƙananan gutsattsarin darma, irin waɗanda masu gyaran tayar mota ke mannawa. Ta ɗauki ɗaya. Ƙarama ce, amma da nauyi.

"Idan aka manna wannan a ɗaya gefen, ta ciki, inda ba mai gani?"

Dogo ya kawar da kai.

"Bawul zai tsaya a sama. Ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To ka sa."

"Ba zan sa ba."

"Ba ka sona ke nan."

"Kada ki faɗi haka." Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Kin san tun yaushe nake zagaye layinku in bi ta wani, don kada Umma ta gan ni ranta ya ɓaci? In na sa darmar nan, na ari bakin abokina na yi ƙarya da shi. Kullum na buɗe ido na gan ki a ɗakina, zan tuna yadda na same ki."

"Ni kuma kullum in buɗe ido in ga Dokta? Wannan ya fi maka?" Ta kama hannunsa mai baƙin giris, ta cusa darmar a tafinsa, ta naɗe masa yatsu a kai. Hawayenta ya ɗiga a bayan hannun. "Ita ma a'ar ba gaskiya ba ce, Dogo. Ƙarya ce ta raba mu. In ƙarya ta haɗa mu, wa aka cuta?"

Ta fita cikin ruwan ba ta waiwaya ba.

Ranar da aka sa, bayan la'asar, Dogo ya shigo gidan yana tura keken. Rabon ƙafarsa da gidan tun ranar zaman makoki. Ya durƙusa har ƙasa.

"Umma, ina wuni."

Ba ta amsa ba. Keken take kallo.

"Me ka yi masa?"

"Kaya na sake masa, Umma. Firam ɗin nasa ne, sirdin ma nasa ne, ban taɓa ba."

Ta ɗora tafin hannu a kan sirdin, inda zaman ɗanta ya lotsa fatar, ta daɗe a haka. Sannan ta yi nuni da ɗakin.

Dogo ya rataye keken a bango ya koma gefe. An ɗauke wuta, hasken da ke shigowa ta labule rawaya ne mara ƙarfi. Abba na tsaye bakin ƙofa yana jan carbi, ransa a ɓace, amma bai tafi ba. Dokta ya harɗe hannuwa a ƙirji. Auta ta yi ta neman idon Dogo, ko da ƙiftawa ɗaya ce ta gane, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Umma ta matsa kusa da bangon.

"Babana," ta ce da irin muryar da ake tashin yaro daga barci. "Ga ƙanwarka, ga abokinka. In ba shi ita?"

Ta juya tayar.

Ba ƙas-ƙas, ba komai. Umma ta ɗan ja da baya, shirun ya ba ta tsoro. Tayar ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, ta fi tsohuwar daɗewa nesa ba kusa ba, har Auta ta fara jin jiri. Can ta soma gajiya. Bawul ya bayyana, ɗan tsinke mai ƙyalli yana zagayawa. Ya hau, ya sauko. Ya hau da ƙyar, ya sauko. Ya yi lilo a ƙasa, dama, hagu, dama.

Ya tsaya a ƙasa.

Auta ta toshe baki da hannu biyu. Bai sa ba. Ashe bai sa ba.

Dokta ya sauke ajiyar zuciya, ya buɗe baki zai yi magana.

Sai tayar ta motsa.

A hankali, kamar wani ya sa yatsa yana turawa, bawul ya bar ƙasa. Ya bi gefe yana hawa, bai yi sauri ba, bai tsaya ba, har ya kai can ƙololuwa. Nan ya tsaya cak, ko rawa bai yi ba.

Carbin Abba ya faɗi ƙasa.

"Ya yarda," in ji Umma. Ta zauna a bakin gado tana kuka tana dariya. "Kun gani? Ya yarda. Babana ya yafe masa."

"Umma, ki yi haƙuri," in ji Dokta. "Mai gyara ne fa. Wani abu ya saka a ciki."

Ya je ya shafa tayar ciki da waje, bai ji komai ba. Ya kama bawul ɗin ya janyo shi ƙasa da ƙarfi, ya saki. Ya sake hawa, a natse, ya koma inda yake. Dokta ya kalli yatsunsa, ya goge su a jikin riga. Ya fice. Suka ji takunsa a tsakar gida, suka ji tashin motarsa.

Auta ta matsa kusa da Dogo. Ta rasa ko godiya za ta yi masa ko haƙuri za ta ba shi.

"Ka sa ke nan," ta raɗa masa. "Saboda ni."

Ya ɗago. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Ya zura hannu a aljihu, ya ɗan buɗe tafinsa yadda ita kaɗai za ta gani. Darmar na nan.

"Dogo," in ji Umma.

Ya zabura. Rabon da ta kira sunansa har ya manta yadda yake fita a bakinta.

"Na'am, Umma."

"Ka turo manyanka. Na ba ka."

Ya durƙusa, amma ya kasa godiya. Abba ya matso ya kama hannun matarsa.

"To alhamdulillahi, an gama. Tashi mu fita daga ɗakin nan. Gobe a sauke keken, a yi wa yaron nan addu'a, a bar shi ya huta."

"Saura tambaya ɗaya."

"Don Allah ki bari."

Ta zame hannunta. Ba ta tashi daga bakin gadon ba, ba ta taɓa tayar ba, tsakaninta da bangon ya fi tsawon hannu. Ta ɗaga kai kawai.

"Babana, kai fa? Kana nan wurina ko?"

Auta ta riƙe hannun rigar Dogo. A gaban idonsu su huɗu, bawul ya gangaro a hankali, ya tsaya a ƙasa.

Umma ta daɗe tana kallonsa. Ta gyaɗa kai, irin na uwar da ta san ɗanta ya girma.

"Su za ka bi?"

Tayar ta juya. Sama.

Umma ta share hawayenta, ta juyo ga 'yarta da wani lallausan murmushi da Auta ta yi shekaru ba ta gani ba.

"Ki gyara masa wuri a ɗakinki, Auta. Tare za ku tare."